Laulayin Ciki da Aiki: Yadda Mace Za Ta Riƙe Aikinta a Watannin Farko

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan abin da kusan kowane gida ya sani, amma ba a cika kawo shi gaban taro ba, wato laulayin ciki, musamman ga macen da dole ne ta fita aiki kowace safiya.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne wani abu da na gani a daminar da ta wuce. Mun je wani ƙauye duba rijiyar burtsatse da aka gyara, dare ya yi mana, sai aka sauke ni a gidan wata malama da ke koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi. Tun kafin gari ya waye na ji ta a bayan ɗaki tana amai. Da na tambaye ta, sai da ta leƙa tsakar gida ta ga babu kowa kafin ta gaya mini cewa cikinta wata biyu ne. Sau da yawa ta yi lattin zuwa makaranta a wannan watan, an yanke mata albashi, an kuma ba ta takardar gargaɗi. Na ce mata, "Malama, kin gaya wa shugabar makarantar?" Ta ce, "Haba, cikin wata biyu? Wa ke faɗi?" Ta taɓa yin ɓari, saboda haka tana tsoron bakin mutane. Kuma kullum tana fita da ciki wayam, a ganinta in ba ta ci komai ba, babu abin da za ta amayar.

Abubuwa biyu ke nan da ke ƙara wa mata wahala: ɓoye cikin ga kowa da kowa, da kuma barin ciki babu abinci. Laulayi ya fi tsanani ne daidai a watannin da al'adarmu ta ce a yi shiru. Lokacin da ciki ya fito har mutane suka fara cewa "sannu, kawo in ɗaukar miki," yawanci laulayin ya riga ya wuce. A lokacin da take bukatar sauƙi kuwa, babu wanda ya sani, sai a ce ta yi lalaci.

Mene ne ke kawo shi?

Tashin zuciya da amai na samun mata masu juna biyu kamar 7 ko 8 cikin kowane 10. Yakan fara ne wajen mako na 6, idan aka ƙirga daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato kamar mako biyu bayan mace ta lura ba ta ga watanta ba. Yakan kai ƙarshen ƙarfinsa wajen mako na 9, sa'an nan ya riƙa sauka. Mafi yawan mata suna samun kansu tsakanin mako na 14 zuwa na 20. Akwai kaɗan da yake bi har ranar haihuwa. Kuma ba da safe kaɗai yake zuwa ba. Wata da rana tsaka yake kama ta, wata da yamma, wata kuwa yini guda zuciyarta na tashi ko da ba ta yi amai ba.

Shekaru da yawa likitoci suna ɗora laifin a kan sinadaran da ke ƙaruwa a jinin mace da zarar ciki ya shiga, musamman wanda ake kira hCG, shi ne wanda tsinken gwajin ciki ke nema a cikin fitsari. A watan Disamba na 2023 sai wasu masu bincike daga jami'ar Kambirij ta Ingila da wata jami'a a Kalifoniya ta Amurka, tare da abokan aikinsu, suka fitar da sakamakon da ya ƙara haske. Sun nuna cewa wani sinadari mai suna GDF15, wanda mafi yawansa daga mabiyiya yake fitowa, yana shiga jinin uwa ya taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke sa mutum jin amai. Macen da jikinta bai saba da wannan sinadari ba tun kafin ta ɗauki ciki, ita ce ta fi shan wuya in ya ƙaru farat ɗaya.

Na kawo wannan ne domin iyayenmu mata da surukai. Sau nawa muka ji ana cewa, "Mu da muka haifi tara ba mu taɓa kwanciya ba, 'yan matan yanzu ne da shagwaɓa"? Mama, gaskiya ne ba ki kwanta ba, amma jinin kowa daban ne. Abin yana bin dangi ma: wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta sha laulayi mai tsanani ta fi kusa da shan irinsa. Mai ɗauke da tagwaye ita ma yakan fi damunta. Ba ragwanci ba ne, ba kuma wani ne ya yi mata jifa ba.

Laulayi na yau da kullum, wanda mace ke iya cin ɗan abinci ta sha ruwa ya zauna, ba ya cutar da jariri. Wadda kuma ba ta yi laulayi ko kaɗan ba kada ta tsorata, ita ma lafiya ce.

Kada ciki ya zauna wayam

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci ga mai fita aiki. Yunwa tana tayar da zuciya, cika ciki dam kuma yana tayar da ita. Saboda haka a watannin nan a ajiye tsarin nan namu na cin tuwo mai yawa da dare da ɗumame da safe. Mai laulayi ta riƙa cin ɗan kaɗan kamar kowane awa biyu ko uku, ko da loma uku ce.

Safiya daga daren jiya take farawa. Kafin ki kwanta, ki ajiye wani busasshen abu kusa da shimfiɗa a cikin kwano mai murfi saboda ɓera: biskit marar zaƙi sosai, ko guntun burodi, ko gasasshiyar masara, ko 'yar gyaɗa. In kin farka, kada ki zabura. Ki ci kaɗan tun kina kwance ko kina jingine, ki jira kamar minti 15 ko 20, sa'an nan ki tashi a hankali. Wannan yana nufin farkawa da wuri fiye da yadda kika saba, wanda kuma yana nufin kwanciya da wuri. Gajiya tana ƙara laulayi ƙwarai. Ruwan wanka, kayan sawa, abincin yara na makaranta, duk abin da za a iya shiryawa da yamma a shirya shi, in da hali wani ya shirya.

Abin da za ki tafi da shi wurin aiki ba sai mai tsada ba. Dafaffen dankali ko rogo ko doya ba tare da mai ba, ayaba, lemo, yalo, gyaɗa, fate ko gwaten acca marar yaji a ɗan kwano. Mata da yawa sun fi iya cin abinci in ya huce, domin mai zafi ya fi tashin ƙamshi. Abin da ya cika mai da yaji, irin su ƙosai da soyayyen nama da miya mai manja da yawa, yana daɗewa a ciki, ya fi saurin dawowa. Amma ba doka ba ce. Na san wadda ba abin da ke zama a cikinta sai kunun tsamiya da ƙuli-ƙuli, da su ta yi wata biyu, ta kuma haifi ɗanta lafiya. A wannan lokaci abin da ya zauna shi ne abinci. In laulayi ya sauka, sai a koma neman ganye da wake da ƙwai da kifi yadda ya kamata.

Ruwa kuma a riƙa kurɓarsa kaɗan-kaɗan yini duka, ba a ɗaga kofi a shanye gaba ɗaya ba. Ya fi kyau a sha shi tsakanin cin abinci, ba tare da abincin ba. In ruwa zalla yana tayar miki da zuciya, ki matsa lemun tsami a ciki, ko ki sha na randa mai sanyi. In kika yi amai, ki kurkure baki da ruwa, amma kada ki goge haƙora nan take, domin tsamin ciki yana tausasa bayan haƙori, gogewa a lokacin tana cinye shi. Ki ɗan jira tukuna. Mai yawan tara yawu ta riƙe ɗan gwangwani mai murfi ko tsumma a jaka, ya fi mata sauƙi da fita waje kowane minti biyar.

A nan ne maganar azumi ta shigo. In ikkilisiya ta sa kwanakin azumi, kamar yadda da yawa ke yi a farkon shekara, mai laulayi ba ta cikin waɗanda za su yini ba ci ba sha. Ta gaya wa matar fasto ko shugabar zumuntar mata a keɓe, ta ci abincinta ba tare da jin laifi ba.

Wari, zafi, da irin aikin

A lokacin laulayi hancin mace yana ƙara kaifi. Abin da ba ta taɓa lura da shi ba, yanzu daga nesa take jinsa: daddawa, albasa a cikin mai, busasshen kifi, hayaƙin babur, turaren abokiyar aiki, har warin zufar yara a aji bayan tara. Kowace mace ta lura da nata, domin ba iri ɗaya ba ne. In ta gane abin da ke tayar mata, rabin maganin ya samu.

Malamar makaranta ko ma'aikaciyar ofis ko ta ɗakin shan magani tana da ɗan sauƙi, domin akwai abin da za a iya juyawa. Ta zauna kusa da taga ko ƙofa. Ta roƙi a sauya mata darasin farko da wata malama in safiya ce ta fi mata wuya, ta biya da na rana. A ɗauke mata tsayuwar taron safe a cikin rana. Ta koyar a zaune in jiri ya zo. Ta samu abokiyar aiki ɗaya da za ta leƙa mata aji na minti biyar in ta fita. Ba wani babban abu ba ne, amma babu wanda zai yi mata ko ɗaya daga ciki in bai san dalili ba.

Wadda na fi tausaya wa ita ce mai sayar da abinci. Mai tuyar ƙosai ko masa ko awara, sana'arta ita ce warin da ke sa ta amai, kuma ranar da ba ta kunna wuta ba babu kuɗin cefane. Abin da na ga ya yi wa wasu amfani shi ne raba aikin. Ita ta yi wankin wake da kai niƙa da karɓar kuɗi, ta zauna ta inda iska ke fitowa, ba ta inda take kai hayaƙi ba, ƙanwa ko 'ya babba ko maƙwabciya ta tsaya a bakin kasko, a ba ta wani abu daga cikin riba. Ribar za ta ragu na wata biyu, amma masu saye ba za su koma wurin wata ba. Wasu kuma sukan koma sayar da abin da ba a soyawa, kamar ɗanyen kaya ko 'ya'yan itace, har laulayin ya wuce. In tana cikin adashi, wannan ne lokacin da ya dace ta roƙi a ba ta kwasa da wuri. Kuma duk wadda ta yi amai ta wanke hannu da sabulu kafin ta koma kan abincin mutane.

Mai aikin gona, ko nata ko na ƙwadago, ta fita da sassafe bayan ta ɗan ci wani abu, ta yi aikin sunkuyo kafin rana ta yi zafi, ta nemi inuwa tun kafin jiri ya zo. Sunkuyawa nan da nan bayan cin abinci yana dawo da shi. Ruwan da za ta tafi da shi ya fi na kullum yawa, domin tana asarar ruwa ta zufa da ta amai a lokaci guda. In akwai zaɓi, ta karɓi aikin da ake yi a zaune a inuwa, kamar ɓarar gyaɗa ko tsince iri. Abu ɗaya kuwa ba na sassauci a kansa: mai ciki ba ta feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, ba ta haɗa shi, ba ta wanke tankin feshi ko kayan wanda ya yi feshin, ba ta kuma shiga gonar da aka fesa a ranar. Wannan ya wuce maganar wari. Watanni ukun farko su ne lokacin da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa.

Ga masu hawa mota ko babur zuwa aiki, ni ma na sha wannan a cikina na biyu, ina yawon ƙauyuka a bayan babur. Abin da ya taimake ni shi ne cin ɗan biskit kafin in hau, da ɓawon lemo a hannu ina shinshinawa, da roƙon mai babur tun kafin mu tashi cewa in na taɓa kafaɗarsa ya tsaya. A mota kuwa a nemi gaba ko bakin taga, a kalli hanya can nesa, kada a duba waya. Leda biyu da ɗan tsumma da ruwa kada su rabu da jaka.

A gaya wa mutum ɗaya

Ban ce a yi shela a kasuwa ba. Na san dalilin da ya sa muke ɓoyewa, akwai kunya, musamman a cikin fari, akwai kuma tsoron kada a faɗa sa'an nan cikin ya zube. Amma tsakanin gaya wa duniya da rashin gaya wa kowa akwai hanya. A zaɓi mutum ɗaya a wurin aiki wanda ke da ikon sauƙaƙa abu, a same shi a keɓe, a kuma roƙe shi ya riƙe maganar. In shugaban namiji ne kuma ana jin nauyi, a bi ta wurin wata babbar mace a wurin, ko maigida ya je ya yi bayani. Kuma in za a je, a je da shawara a hannu: "Ranka ya daɗe, ina da juna biyu, safiya tana ba ni wahala, ina roƙo a mayar mini da aikin safe zuwa rana har nan da wata biyu." Mai ba da aiki ya fi saurin yarda in ya ji abin yana da iyaka kuma aikinsa ba zai tsaya ba.

Takardar asibiti tana da ƙarfi a nan. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci damar a biya shi albashin har kwana 12 na aiki a shekara in ya yi rashin lafiya wadda likita mai rajista ya tabbatar a rubuce. Sashe na 54 kuma shi ne ya ba mace hutun haihuwa na mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 tana aikin. Ku lura, hutun haihuwa bai kai ga watannin laulayi ba, saboda haka takardar likita ce abin riƙewa. Dokar ta fi shafar masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis. Ma'aikatan gwamnati da malamai su duba ƙa'idar aikinsu da takardar da aka ɗauke su aiki da ita. Ga wadda take aikin yini a biya ta da yamma, babu wata takarda da za ta taimake ta, sai mu. Zumuntar mata da ke iya haɗa gayya a gonar gwauruwa tana iya yin haka ga mai laulayin da ciyawa ke cinye mata gyaɗa.

Maza kuma, ga naku. In matarka ta ce ba za ta iya shiga madafa ba, ba raini ba ne. Wata biyu na ɗebo ruwa da hura wuta, ko neman wadda za ta dafa, bai taɓa rage wa namiji daraja ba. Malamar nan da na ba ku labari, maigidanta ne daga baya ya je ya ga shugabar makarantar da katin awo a hannu, aka janye takardar gargaɗin, aka mayar da ita ajin da ke kusa da ofis inda akwai mai leƙa mata.

Citta, bitamin, da maganin kemis

A cikin shawarwarin kula da masu ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, an ambaci citta da bitamin B6 cikin abubuwan da ke rage tashin zuciya a farkon ciki. Citta kuwa tamu ce, ƙasar Kachia da Jaba da Kagarko a kudancin Kaduna suna cikin manyan wuraren nomanta a Afirka, ko da yake cutar da ta faɗa wa gonaki a 2023 ta sa ta yi tsada ƙwarai. Ba a bukatar mai yawa. A yanka ɗanya kamar girman kan babban yatsa, a zuba a ruwan zafi kofi ɗaya, a bari ta jiƙa, a riƙa kurɓa. In busasshiya ce dakakkiya, kamar giram 1 a yini ya isa, wato wajen rabin ƙaramin cokali, a raba shi sau uku ko huɗu. Wadda take sa wa ƙwannafi ta rage ko ta bari. Bitamin B6 kuma a karɓe shi daga hannun ma'aikacin lafiya domin ya faɗi adadin da ya dace.

Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo tana ƙara wa wasu mata tashin zuciya, shi ya sa da yawa suke jefa ta a ƙarƙashin katifa su yi shiru. Kada a yi haka. A gwada shanta da dare bayan an ci wani abu, ba da shayi ba. In duk da haka ba ta zauna ba, a gaya wa ungozoma. Ƙaramar ƙwayar nan ta folik asid kuwa ba ta cika damun ciki ba, kuma a makonnin farko ne aka fi bukatarta domin tana kare jariri daga nakasar ƙashin baya da ƙwaƙwalwa. Wannan ma dalili ne na fara awo da wuri. Hukumar ta ce zuwan farko ya kasance cikin mako 12 na farko, a kuma je aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Mu kuwa sai ciki ya kai wata biyar ko shida muke zuwa yankar kati.

Akwai magungunan hana amai da likitoci suka daɗe suna ba masu ciki kuma an tabbatar ba su da illa ga jariri. Mace ba sai ta jure har ta faɗi ba, ta je ta nema. Amma a asibiti za ta nema, ba wurin mai tallar magani a kasuwa ko a cikin mota ba. A ƙarshen shekarun 1950 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a ƙasashe da yawa, mata masu laulayi suka sha, kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, da yawansu da guntayen hannuwa da ƙafafu. Daga nan ne duniya ta koyi tsananta bincike a kan abin da ake ba mai ciki. Haka nan jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ba a san abin da ke ciki ba, a bar su. In likita ya rubuta magani, a gaya masa irin aikin da ake yi, domin wasu suna sa barci, kuma mai aiki da injin niƙa ko kusa da wuta ya kamata ta sani.

Farar ƙasa da wasu mata ke ci don ta kwantar musu da zuciya tana iya ɗauke da dalma da ƙwan tsutsar ciki, tana kuma hana jiki amfana da maganin ƙarin jini. Yawan kwaɗayinta ma sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, a faɗa a wurin awo. Burukutu da kowace irin giya kuwa babu adadin da aka sani mai lafiya ne ga mai ciki, ko da an ce yana gyara baki.

Lokacin da ya wuce laulayi

Mace 1 zuwa 3 cikin 100 tana samun irin aman da ba ya tsayawa, wanda ko ruwa ba ya zama. Wannan ciwo ne, ba a yi masa haƙuri a gida, ba a kuma zuwa aiki da shi. Ba ya duba talaka ko mai kuɗi: a watan Disamba na 2012 sai da aka kwantar da matar Yarima William na Ingila a asibiti saboda shi. In aka bar shi, jiki yana bushewa, gishirin jini ya rikice, ƙoda ta wahala, rashin bitamin B1 kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. In aka kai mace da wuri kuwa, ƙarin ruwa da allurar hana amai da bitamin suna tayar da ita cikin 'yan kwanaki.

A tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, in mace ta yi awa 24 ba abin da ya zauna a cikinta, ko fitsarinta ya yi duhu ƙwarai ya ragu, ko ta yi awa 8 ba ta yi fitsari ba, ko tana ganin jiri da duhu in ta miƙe, ko akwai jini a cikin aman. Haka nan in tana ramewa a ido. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi shi ne raguwar kashi 5 cikin 100 na nauyinta, wato mai kilo 60 ta sauka da kilo 3.

Wani haɗarin kuma shi ne a ɗora wa laulayi abin da ba shi ba ne. Laulayi ba ya zuwa da zazzaɓi. Mai ciki da ke amai da zafin jiki ko sanyi da ciwon gaɓoɓi, a yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro nan da nan, domin ga mai ciki yana kawo ƙarancin jini da ɓari. Amai da zafin fitsari ko ciwon kwiɓi yana iya zama ciwon mafitsara da ya hau ƙoda. Amai da ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya ko zubar jini a farkon ciki yana iya nuna cikin ya zauna a wajen mahaifa, wannan kuwa na gaggawa ne. Aman da ya fara sabo bayan ciki ya wuce wata biyar, tare da ciwon kai da kumburin fuska ko hannu da gani dishi-dishi, alamar hawan jini ce da ke iya kai wa ga jijjiga.

Kafin a samu abin hawa, a riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, ko da tana mayar da wani. In akwai na ƙunshi irin wanda ake ba yara masu gudawa, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a samu ruwa mai tsabta lita 1, wato leda biyu na ruwan leda mai rabin lita, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo.

A ƙauyukan da rafi ke raba su da asibiti da damina, iyali su san tun yanzu mai babur ko mai motar da za a kira da dare, su ajiye lambarsa da kuɗin mai a wuri ɗaya da katin awo. In an tashi tafiya, a ɗauki katin da duk wani magani ko jiƙo da ta sha a kwanakin, a nuna wa ma'aikatan lafiya.